Kuskuren Biro Ba Ya Kashe Sammaci

 A watan da ya shige wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu yake tuƙa tirotiro tsakanin Circle da Maamobi, ya same mu a gida nan Sabon Zongo bayan sallar Isha'i, da takarda a hannunsa yana ta murmushi. Ɗan sandan hanya ya tsare shi, ya ce ya ɗauki fasinja inda aka hana tsayawa, ya rubuta masa takarda ya bayyana gaban alƙali. To, a garin rubutu sai ya birkita harufan sunansa, kuma ya sa 7 inda ya kamata ya sa 1 a lambar motar. Manya a tasha suka duba, suka ce masa, "Kai yaro, ka ci sa'a, wannan takarda ta mutu, je ka yi barcinka."

Muka ce masa ya zauna tukuna.

Wannan magana ta daɗe tana yawo a tashoshin Nima da Abossey Okai, kuma mun san dalilin da ya sa take da daɗin ji. Mu mutanen Zongo babu wanda bai sha wahalar rubutun suna ba. Abdullahi ya koma Abdulai, Usman ya koma Osumanu, Ibrahim ya koma Braimah. Mu da muke cika rajistar makaranta mun ga yaro guda da suna iri uku: ɗaya a takardar haihuwa, ɗaya a takardar jarrabawa, ɗaya a bakin mahaifiyarsa. In harafi ɗaya zai sa a komar da mutum daga banki, ai ba laifi ya yi zaton harafi ɗaya zai cece shi a kotu. Sai dai doka ba haka ta tsara ba.

Laifuffukan hanya suna cikin Dokar Hanya ta 2004, mai lamba 683, da ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta. Amma yadda ake shari'arsu yana cikin wata tsohuwar doka ta 1960, mai lamba 30. Sashe na 176 na wannan doka ya ba alƙali iko, in ya ga aibi a takardar tuhuma kafin mai gabatar da ƙara ya rufe shaidarsa, ya sa a gyara ta. Bayan gyara sai a sake karanta wa wanda ake tuhuma, a tambaye shi ko ya amsa laifi ko bai amsa ba. In kuskuren ya ruɗe shi har bai shirya kare kansa ba, a ɗaga shari'ar zuwa wata rana. Ko an ɗaukaka ƙara, Dokar Kotuna ta 1993 ta ce babbar kotu ba za ta rushe hukunci don aibin takarda kawai ba, muddin akwai shaida kuma ba a yi wa mutum zalunci na gaske ba.

Wato abin da alƙali yake dubawa shi ne: kai ne aka tsare? Ka gane abin da ake zarginka da shi? Ɗan sandan yana tsaye, ya ga fuskarka, ya riƙe lasin ɗinka a hannunsa. Harafin da ya faɗi ba zai sa ya manta da kai ba. Wanda kuwa ya ƙi zuwa ranar da aka sa, alƙali yana iya ba da takardar kamu. Laifin da tara za ta kashe, sai ga shi an kwana a bayan kanta, mota tana ajiye, mai mota yana neman kuɗin cinikin ranar, iyali suna jiran cefane.

Kada kuma a ce mun ce kowane kuskure banza ne. Tsarin Mulki na 1992, sashe na 19, ya ce dole a sanar da mutum laifin da ake tuhumarsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji, in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta, kuma ba a hukunta kowa sai da laifin da yake rubuce a doka. Saboda haka in takarda ta ce babbar mota ce alhali tasi kake tuƙawa, ko ta ce an kama ka a Kasoa ranar da kake Kumasi wajen biki, wannan ya shafi gindin maganar, domin nauyin tabbatar da laifi yana kan masu ƙara. Amma a gaban alƙali ake faɗin haka, da ladabi, da shaida a hannu.

Inda muka fi jin tsoro shi ne na'ura. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da shirin Traffitech-GH, wanda aka tsara kamara ta ɗauki lambar mota, a aika saƙo ta waya ga wanda sunansa yake a rajistar DVLA. Kamara ba ta san fuska ba, lamba kawai ta sani. A nan lamba ɗaya tana iya kai laifin wani ƙofar wani. Mu kuwa, a faɗi gaskiya, mun saba sayar da mota da musafaha da shaidu biyu, a yi shekaru ba a canja sunan mai ita ba. Duk wanda ya san akwai motar da ta bar hannunsa amma sunansa yana kanta, ya je DVLA ya gyara tun kafin saƙo ya iso.

Ɗalibin namu dai mun ce kada ya taɓa takardar da biro, ko da don gyara ne. Wanda ya rubuta shi zai gyara. Ya yi mata hoto ya ajiye, ya tafi da lasin, da katin Ghana, da takardun mota, ya isa da wuri. In yana da halin lauya, ya nemi shawararsa, don mu malaman aji ne. Ya je, aka gyara lambar a gabansa, ya amsa laifinsa, ya biya tara, aka ba shi rasit. Kafin La'asar yana Circle yana lodi.