Sanarwar Bayan Taron Masu Nazarin Harkokin Ƙwadago

Malaman jami'o'i da ɗalibai masu bincike kan harkokin ƙwadago, 'yan ƙungiyarmu, sun yi zama a Kano tare da wakilan ma'aikata da 'yan kasuwa domin duba yadda neman abinci ke sauyawa a Nijeriya. Bayan gabatar da maƙalu da tafka muhawara, taron ya lura da cewa:

1. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, amma ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ma'aunin ne ya sauya: yanzu duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako, mai aiki ne. Wannan adadi ba ya nuna ko abin da mutum ke samu yana ciyar da iyalinsa.

2. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba su da takardar ɗaukar aiki ko fansho. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, masana'antun Sharaɗa da Bompai suka ja baya, matasa suka koma tuƙa adaidaita sahu, sana'ar POS, gyaran waya da tallan kaya a intanet.

3. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar Ƙwadago kuwa tun 1971 take, ba ta san direban manhajar Bolt ba.

Saboda haka taron ya cimma matsaya kamar haka:

1. Hukumar Ƙididdiga ta riƙa fitar da alƙaluman jiha-jiha a kai a kai, tare da bayanin awannin aiki da kuɗin shiga.

2. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ɗauki nauyin binciken da zai bi sawun ma'aikata na shekaru, musamman 'yan ci-rani da matan da ke sana'a a cikin gida.

3. Majalisar Tarayya ta gyara Dokar Ƙwadago domin ta kare masu aiki ta manhajojin waya.

4. Masu bincike su riƙa mayar da sakamakonsu cikin Hausa ga waɗanda suka yi hira da su, ta rediyo da tarukan ƙungiyoyin sana'a.

Taron ya ɗora wa kwamitin zartarwa alhakin isar da wannan matsaya ga hukumomin da abin ya shafa.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare