A KOYA WA YARA YI WA KAYA SUTURA

Akwai wani darasi da ake yi wa riƙon sakainar kashi a makarantunmu, watau darasin zane. Sau da yawa sai a ajiye shi ƙarshen yini, sa'ad da yara suka gaji, a ce su zana tulu ko mangwaro, malami kuwa ya koma duba littattafan lissafi. A ganinmu wannan hasara ce babba, kuma ba inda ta fi fitowa fili kamar garin bakin iyaka irin Illela.

Duk wanda ya ci kasuwar Illela ran Lahadi ya san abin da muke nufi. Taliya da madara da sabulu da shayi, kowanne yana zaune cikin kwalinsa, da sunansa da launinsa. Namu kuwa, kilishi da ƙuliƙuli da busasshen tumatir da barkono, sai su fita cikin buhu ko takardar siminti, ba suna ba alama. Mutumin Ikko ko na Yamai ya ci ya ji daɗi, amma ba shi da hanyar sanin wanda ya yi, balle ya sake nema. Ciwon nan tsoho ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara zuwa Turai, amma can da sunan Maroko aka san ta. Mu da wahala, wasu da suna.

To, ina magani? Shawararmu ita ce a fara daga kwalejojin horon malamai, a koya wa ɗalibai tsara mazubin kaya, a kuma soma da zanen bangon faifan waƙa. Mun zaɓi faifai domin waƙa ba a ganinta, ba a taɓa ta, bangon ne kaɗai ke gabatar da ita ga mai saye. A Amurka, wani saurayi mai suna Alex Steinweiss ya fara yi wa fayafayan kamfanin Columbia zane a 1940, sauran kamfanoni suka bi sawu. A nan gida kuma Lemi Ghariokwu ya zana bango 26 na fayafayan Fela Kuti, farawa daga 1974, har ya zama akan gane faifan tun daga nesa.

Ga yadda darasin zai tafi. Malami ya sa ɗalibai su saurari waƙa ɗaya, misali ta Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo. Sa'an nan kowa ya yanki kwali mai kusurwa huɗu daidai, ya sa abu uku: sunan mawaƙi, sunan waƙa, da alama guda wadda ta ɗauki ma'anarta, da launi biyu ko uku kurum. A kafa su a bango, a ja da baya taki goma. Wanda bai karantu ba, a sake shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Zango na biyu sai a cire mawaƙi a sa kilishi. Nan ɗalibi zai auna kwali ya naɗe shi, ya rubuta nauyin kaya, da ranar yi, da ranar lalacewa, da mazaunin mai sana'a, ya bar gurbin lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ɗan Illela kuma tilas ya tuna da mai saye na Ƙonni, ya rubuta da boko da ajami, da Ingilishi da Faransanci. Ashe ke nan lissafi da rubutu da harshe duk sun taru cikin darasi guda. Har wa yau zai koyi gaskiya, domin abin da aka rubuta a kwali alkawari ne, kyan alkawari kuwa cikawa.

Mun san wasu za su ce zamanin garmaho da kaset ya wuce. Haka ne, amma waƙar da ke cikin waya ma da ɗan hotonta take zuwa. Waɗansu iyaye kuma ba su son a zana mai rai, kuma uzurinsu karɓaɓɓe ne. Ba dole sai da surar mutum ba. Muna da dagi, da aska takwas ta wuyan riga, da adon dukawa, da zanen ƙwarya, da kyakkyawan rubutun allo. Masu kukan kuɗi kuwa, tsohon kwali da fensir da almakashi sun isa a fara.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kwalejoji, musamman Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, su sa wannan aiki cikin horon malaman zane. Hedimastoci su matso da darasin zuwa safiya. Ma'aikatan ƙaramar hukuma kuma su haɗa makarantu da masu sana'a, a riƙa baje aikin yara a kasuwa ƙarshen kowace shekara, mai kilishi ya zaɓi wanda ya yi masa, ya biya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace, amin.