Kirarin Tsohuwar Wiski: Adabi Ne Ko Roƙo?

'Yan uwa marubuta, akwai wani salon rubutu da ya cika mujallun Turawa da shafukan intanet, wanda muka lura wasu matasanmu sun fara kallonsa a matsayin ƙololuwar iya sarrafa harshe. Salon shi ne na masu ɗanɗana tsohuwar wiski ta ƙasar Sikotland, musamman haɗaɗɗiyar nan da ake gauraya iri daban-daban. Sai ka ji mutum ya kurɓi ɗan abin da bai cika cokali ba, ya ce wai ya ji zuma da zabibi da kirfa da tsohuwar fata, har da hayaƙin bakin teku. Mu da muka tashi muna jin maroƙa a ƙofar attajirai, mun san roƙo idan mun ji shi. Wannan roƙo ne, kuma ubangidan da ake wasawa shi ne mai kamfani.

Yabon gwani ya zama dole, saboda haka bari mu fara ba su haƙƙinsu. Haɗa wiski sana'a ce mai tarihi. A 1830 Aeneas Coffey ya yi rajistar tukunyar tata mai aiki ba tsayawa, wadda ke fitar da barasa mai araha daga hatsi. Dokar Birtaniya ta 1860 ta buɗe hanyar gauraya ta da wadda ake yi da tsiron sha'ir, 'yan kasuwa irin su Andrew Usher na Edinburgh suka yi suna a kai. An yi ta jayayya a kan ko wannan gauraye ya cancanci sunan wiski, har sai da hukumar da masarautar Birtaniya ta kafa ta yanke hukunci a 1909 cewa ya cancanta. Mai haɗin kuwa yakan tara iri ashirin ko talatin ko fiye, ya fitar da ƙamshi guda da ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma da hanci yake yawancin aikinsa. Ba mu musun wannan gwaninta. Rigimarmu da mai alƙalamin da ke rera kirarin ne, domin abin da yake tsallakewa ya fi abin da yake faɗa yawa.

Mu ɗauki shekarun da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalba. Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta ce sai ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak, kuma lambar da ke kan kwalba shekarun mafi ƙuruciya ce a cikin haɗin. Lambar gaskiya ce, amma lokaci kawai take aunawa. Ganga ita ce ke ba da yawancin ƙamshin, akasari wadda aka taɓa zuba wiskin Amurka ko giyar inabin Sifen a cikinta. Idan gangar ta gaji, shekara 30 ba za ta tsinana komai ba, idan kuma aka wuce gona da iri sai ɗacin katako ya danne sauran. Da zarar an ɗura a kwalba kuwa, tsufan ya tsaya cik. To me ke kawo tsadar? Kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na tsiyayewa ta jikin katako ya bi iska, ta yadda a shekara 30 kusan rabin gangar ya tafi. Asara ce ta ɗan kasuwa, mai saye ke biyanta. Amma da yake sun iya baki, sai suka raɗa wa asarar suna wai “rabon mala'iku”. Ku ji ƙarfin hali!

Sai launi. Marubucin kirari zai ɓata sakin layi guda yana kwatanta jan zinariyar da ya gani a kofi, yana cewa shaidar tsufa ce. Ba zai gaya maka cewa ita wannan doka ta 2009 ta halatta zuba launin ƙonannen sukari ba. A Jamus dole ne a rubuta haka a jikin kwalba, a wasu ƙasashe kuwa shiru kake ji. Hatta sunayen ma talla ce: Royal Salute mai shekara 21 an fito da ita ne a 1953 don naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, aka ɗaura ta da harbin bindiga 21 na gaisuwar sarauta. Johnnie Walker Blue Label kuwa, duk da tsadarta, ba ta ɗauke da lambar shekaru ko ɗaya, amma kirarin bai ragu ba.

Idan har harshen nan nasu ma'auni ne, me ya sa bai kama jabu ba? A 2018 wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotland ta gwada tsofaffin kwalabe 55 masu tsada ta hanyar awon sinadarin kabon, aka tarar 21 na jabu ne. Na'ura ce ta tona asirin, masu saye kuwa cinikin biri a sama suka yi.

Babban abin da ake binnewa shi ne wannan: doka ta ce ƙarfin barasar da ke cikin kwalbar kada ya gaza kashi 40 cikin 100, kuma tsufa ba ya sauya abin da take yi wa hanta. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Hukuncin addini a kanta sananne ne ga mafi yawanmu, ba sai mun maimaita ba. Amma ko ga wanda addininsa bai hana shi ba, rubutun da ya lissafa ƙamshi goma ya manta da wannan, kyan ɗan maciji ne.

Don haka muna kira ga masu tasowa a cikinmu: ku karanta irin wannan rubutu yadda kuke sauraron maroƙi, kuna tambayar wa ya biya, me kuma aka ɓoye. Ku koyi abin koyo a ciki, wato kula da ƙamshi da ɗanɗano har a samo musu kalmar da ta dace, domin a nan kam sun yi mana nisa. Amma siffa goma ba ta kai hujja ɗaya ba, kuma alƙalamin da ya saba da karɓar kuɗin yabo da wuya ya sake iya faɗin gaskiya. Allah ya sa mu gane.