Idan ka sayi ƙaramar Skyline, fito da ita daga kwali

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok ko Instagram ya ci karo da su: ƙananan motocin ƙarfe da ba su wuce tsawon yatsa ba, an ɗauke su hoto kamar na gaske. Nissan Skyline GT-R R34, Toyota Supra, Mazda RX-7, Datsun 510. Yanzu matasa a Malali da Unguwar Rimi ma sun fara yin odarsu, wasu kuma na yi musu dariya, wai ƙato da gemu yana sayen motar wasan yara.

Ni ban ga abin dariya ba. Ma'aunin da aka fi yi shi ne 1:64, wato an rage motar sau 64, shi ya sa R34 mai tsawon mita 4.6 take komawa kusan santimita 7. Tomica ta Japan ta fara wannan sana'a a 1970, shekara biyu bayan Hot Wheels ta Amurka. Na yanzu, irin su Mini GT da Kaido House, suna zuwa da tayar roba da fitilu, wasu har bonet ɗinsu na buɗewa ka ga inji. Jun Imai, mai Kaido House, ya daɗe yana zana wa Hot Wheels motoci kafin ya buɗe nasa.

Ga mafi yawanmu, wannan ce kaɗai Skyline ɗin da za mu taɓa riƙewa. Daga 1999 zuwa 2002 aka ƙera R34 GT-R, da sitiyari a dama, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu na hagu.

Inda nake da ja shi ne yadda ake tallata su. Za ka ji ana cewa kada ka buɗe kwalin, ajiye ta, kuɗinta zai ninka. Wataƙila haka ne a Tokyo ko Dubai, inda masu tarawa suke da yawa. A Kaduna wa zai saya a hannunka? Ka biya da farashin dala, ka biya kuɗin kawowa, ga jabu cike da intanet. Wanda ya zuba kuɗin makaranta ko na jari a nan yana jiran riba, ya yi ta jira.

Ribar gaske tana cikin buɗe ta. Ka ɗora ta a kan kwalta da yamma, ka kwantar da wayarka ƙasa, ka koyi sarrafa haske da ɗaukar hoto na kusa. Wannan ƙwarewar ce masu sayar da turare da takalma a intanet suke biya a yi musu. Ka samu mai araha ka kwance ta, ka kankare fentin, ka sake mata tayoyi. Ai motocin da ake kwaikwaya ɗin ma haka suka samo asali: Wataru Kato na Liberty Walk yanka gefen motoci masu tsada yake yi yana faɗaɗa su.

Kuma mu ba baƙin wannan ba ne. Da yawanmu mun yi motar kara da ta gwangwani, da tayar silifas. A Panteka, kusa da Kadpoly, akwai masu narka alminiyom su zuba tukwane, ga masu walda da fenti. A Kakuri, tsallaken kogi, aka yi shekaru ana harhaɗa Peugeot 504. Japanawa sun ɗauki motocin titunansu sun mayar da su abin da duniya ke bin layi ta saya. Mu ina ƙaramar 504 ɗinmu mai fentin tasi, ko bas ɗin Kawo, ko gingimari mai zane da kirari a jiki?

Saboda haka idan kana da hali, sayi ɗaya ko biyu daga wanda zai nuna maka bidiyon kayan kafin ka tura kuɗi. Sannan ka yage ledar, ka ga yadda aka haɗa ta.