Dodon koɗin da autana ya kawo a gora



Hutun da ya wuce mun je Rano gaida Hajiya, autana ya bi 'yan uwansa wanka a wani rafi ta hanyar Kibiya. Ya dawo da gorar roba, a ciki ga ƙananan dodon koɗi guda shida, wai kiwo zai yi. Dariya kawai na yi, don mu ma da ƙuruciya mun murza katantanwa. Bayan kamar mako uku sai ga shi da ƙorafi: "Umma, bawonsu ya yi fari yana zaizayewa, me zan ba su?"

Amsar ba ta da wuya. Bawon dodon koɗi da na ƙwai duk sinadari ɗaya ne, kalsiyam, kuma daga ruwa da abinci yake samunsa. Ruwan sama da yaron ke tarar musu kusan babu shi a ciki, shi ya sa bawon ke cinyewa. Sai a dafa bawon ƙwai, a daka, a zuba ɗan kaɗan. Abinci kuwa ganyen salak, alayyafo, kokwamba ko dafaffen karas sun isa, a cire saura kafin ya kwana biyu ya ɓata ruwan. Ban da gishiri, ban da kanwa. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe.

To amma garin neman wannan amsar na ci karo da abin da ya hana ni barci. Irin waɗannan ƙanana na rafi da kududdufi, a cikinsu ƙwayar cutar tsargiya take girma. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shige jikin dodon koɗi. Bayan 'yan makonni tsutsotsin da ido ba ya gani su riƙa fitowa kullum, musamman da tsakar rana, lokacin da yara suka fi son wanka. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga cikin mintuna kaɗan. Ashe duk sanda ɗana ya tsoma hannu a gorar nan, tamkar ya koma rafin ne.

Yankinmu kuwa ya dace da su. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya zauna rani da damina a Ruwan Kanya da magudanan noman rani har zuwa Bunkure da Kura. Shinkafa da tumatir sun samu, alhamdulillahi, sai dai ruwa mai tafiya a hankali da ciyawa a gefe shi ne gidan dodon koɗi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne har yanzu akwai masu cewa jini a ƙarshen fitsarin yaro alamar balaga ce. Ciwo ne, 'yar uwa. Yana shanye jini, yana dakushe karatu, in ya daɗe ya taɓa mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma ba su tsira ba, yakan taɓa al'aura da mahaifa, a yi ta maganin sanyi a banza.

Maganinsa praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu, ana auna shi da tsawo ko nauyin yaro, kuma a sha bayan an ci abinci. Kada a yi gaggawar saye a kemis washegarin wanka, don ba ya kashe tsutsar tana ƙarama. A jira kamar wata biyu a kai fitsari gwaji, sai dai in zazzaɓi ko jini ya bayyana kafin nan, to asibiti kai tsaye.

Gorar dai na sa leda a hannu na juye ta a busasshiyar ƙasa nesa da kwata, yaron yana kuka. Na yi masa alkawarin sayo wasu a Kano wurin masu kifin ado, waɗanda aka ƙyanƙyashe a cikin gilas, tunda cutar ba a gadonta daga uwa, sai ƙwanta ya shiga ruwan. Ya riga ya tara bawon ƙwai rabin gwangwani yana jira. Gwajin fitsarin nasa ranar Litinin ne.