Albasarmu na Abijan, tukunyarmu na fama da kuka

Duk wanda ya tsaya bakin kwalta a Madawa lokacin kakar albasa zai ga manyan motoci shaƙe da buhuna sun nufi Kwatano, Akara da Abijan. Fadamar Tarka da ta Magiya suna ba mu albasa, tumatir, kabeji, karas da dankali. A Keita, tun 1984 furojen da ƙasar Italiya da hukumar FAO suka tallafa ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu, kuma mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun aikin a kansu. To amma mu leƙa tukwanenmu: jiya tuwo da miyar kuka, yau tuwo da miyar kuka, gobe ma haka. Mun zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Mu da muke hira da ku a rediyo, amsa biyu muke yawan ji. Ta farko: "Ba lokaci, tun asuba muke kasuwa, yarinya ce ke girki kuma ba ta ƙware ba." Ta biyu: "Ba kuɗi." Ba mu raina ko ɗaya ba. Amma ba mu yarda cewa sai gwanar girki ko mai jaka goma a lalita ke iya sauya cimar gida ba.

Hatsi yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Yaro na iya ƙoshi da fura da tuwo, tamowa kuma ta kama shi. Wanda ya ga iyaye mata jere a asibitoci da yara a yunwar 2005 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Jiki na son wake ko gujiya ko ƙwai, yana son ganye, yana son kayan lambu.

Ga abin da ko yarinya ƴar shekara goma sha biyu za ta iya. A jiƙa wake da dare. Da safe zai nuna da wuri, itace ya ragu. Yau a haɗa shi da shinkafa, jibi a yi ɗanwake. A dafa zogale, a tsane, a zuba garin ƙuliƙuli, albasa, tumatir da ɗan mai: kwaɗo ya haɗu. Ran da ba zogale, rama, tafasa ko kabeji su maye gurbinsa. Miya kuwa a riƙa juya ta: kuka, kuɓewa, yakuwa, kabewa. Tuwo ɗaya ne, ɗanɗano huɗu.

A kula da abu uku. Kanwa mai yawa da doguwar dafuwa suna kashe amfanin ganye. Dunƙulen ɗanɗano gishiri ne yawancinsa, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Daddawa da gabu sun isa su ba miya ƙamshi. Na uku, shayi a kan abinci yana hana jiki cin moriyar sinadarin da ke ƙara jini, lemun tsami da ɗanyen tumatir kuwa suna taimaka masa.

Maganar kuɗi fa? Uwar gida, abin da kike nema yana kan faifanki. Tumatirin da ya yi kwantai, maimakon a karyar da shi da yamma, a yanka a shanya ya zama kauɗa. Ganyen albasa ya zama gabu, zogale a busar da shi a inuwa don bazara. Mai wake ta yi musaya da mai kabeji.

Ku ma ƴan kasuwa maza ba ku tsira ba. Alhaji ya ci tsire da ƙwai a tasha, ya koma gida hannu rabbana, sannan ya ce miya ba daɗi? Kuɗin tsinke biyu sun sayi ƙwan da yara za su raba.

Kafin mu ɗaure bakin buhu na ƙarshe, mu ware rabon gida. Ribar da za ta ƙare wajen sayen magani ba riba ba ce. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.