Kafin a Sayi Injin Zuƙe Ƙura, a Duba Ɗakin da Jariri Zai Kwana

Ya ke mai juna biyu, da kai maigida da za ka fitar da kuɗin, da ku iyaye masu haɗa kayan haihuwa, wannan magana taku ce. Duk wanda ya shiga shagunan kayan wuta a Sabon Gari cikin Kano zai ga injin zuƙe ƙura iri-iri, manya da ƙanana, sababbi da na hannu, kuma mai shago zai ce maka shi ne maganin atishawa da asma. Idan mace tana fama da toshewar hanci ga kuma ciki, ɗan'uwa mai son ta da alheri zai iya ɗauko ɗaya ya kai mata Shanono. A ra'ayina, a mafi yawan gidajenmu na karkara wannan inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya. Akwai gidan da zai yi wa amfani, kuma za mu zo kan yadda ake zaɓensa, amma sai an fara sanin inda ƙurar take fitowa.

Waɗanda suka ƙera injin sun yi shi ne domin gidan da aka shimfiɗe da kafet daga bango zuwa bango, tagogi a rufe, kare ko kyanwa na kwana a kan kujera. Gida a Shanono ko Bagwai ko Gwarzo ba haka yake ba. Tsakar gida ƙasa ce, ƙofar ɗaki labule ne kawai, ga turken awaki da tumaki, ga akurkin kaji, wani gidan har da tantabaru. Da kaka ana sussuka da shiƙa, ƙaiƙayin gero na tashi, harawa na jibge a kan rumfa. Ana gama wannan sai hunturu ya shigo, daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, iska ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta zube mana a kan gado. Ɗakin da aka zuƙe da hantsi, kafin la'asar ya sake yin fari. Saboda haka aikin farko shi ne a rage abin da ke shiga ɗakin da kuma abin da ke riƙe ƙura a cikinsa.

Me ya sa muke damuwa da mai ciki musamman? Ciki da kansa yana kumbura cikin hanci, shi ya sa mata da yawa ke jin kamar mura ta ƙi ƙarewa alhali babu zazzaɓi. Mai asma kuwa, wata ciwon nata kan lafa idan ta sami ciki, wata ya tsaya yadda yake, wata ya tsananta. Idan numfashin uwa ya yi ƙaranci, iskar da ke isa ga ɗan da ke ciki ma ta ragu. Don haka mai asma kada ta ajiye maganin shaƙarta wai don tana tsoron ya taɓa cikin. Magungunan shaƙa da likitoci suka saba rubutawa an daɗe ana amfani da su ga masu ciki, kuma tashin asma ya fi su haɗari nesa ba kusa ba. Ki tafi da su wurin awo ki nuna wa malaman asibiti. Shi kuma jariri hanyoyin numfashinsa sirara ne ƙwarai, yana numfashi da sauri fiye da babba, kuma kusan duk kwanakin arba'in ɗin farko a cikin ɗaki ɗaya zai yi su.

Mu fara da kafet, domin nan ne rigimar take. Na san darajarsa a jeren amarya, na kuma san yadda mata ke duban ƙasan ɗaki ranar suna. Amma kafet ma'ajiyar ƙura ce. Gashin kyanwa, da ɓurɓushin fatar dabbobi, da kashin kyankyaso, da ƙasar da aka kwaso a ƙafa daga turke, duk a cikinsa suke kwanciya, tsintsiya kuma sai dai ta tayar da su sama. Da damina, idan iska ta yi laima, wasu ƙananan ƙwari dangin kaska waɗanda ido ba ya gani suna hayayyafa a cikin kafet da katifa da matashi, kuma kashinsu na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma. Idan akwai mai asma ko mai yawan atishawa a ɗakin, a naɗe kafet ɗin a shimfiɗa leda, ko a bar simintin haka nan a ɗora tabarma. Leda da siminti ana goge su da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar ta bi ruwa ta tafi, babu wadda ta tashi. Kuɗin ledar ɗaki ɗaya bai kai na inji mai kyau ba, kuma ba ta neman wuta. Idan daɓen ƙasa ne, a yayyafa ruwa kafin a yi shara, kamar yadda iyayenmu ke yi tun fil azal, a ɗaga labule, a fitar da jariri sai ƙura ta kwanta. Zanin gado a wanke shi duk mako, katifa da matashi a baza su a rana.

Sai dabbobi. Ba zan ce a rabu da su ba, domin akuya ita ce asusun mace a ƙauye, da ita ake fita kunyar biki da ta asibiti. Abin da nake cewa shi ne iyakarsu tsakar gida. Kaza mai kwanci a ƙarƙashin gado, ko ɗan akuya da aka shigo da shi ɗaki saboda sanyi, ko ɗakin tantabaru a jikin tagar mai jego, waɗannan a kawar da su tun ciki bai tsufa ba. Busasshen kashin kaji da na tantabara yana zama gari ya bi iska, kuma yana cutar da huhu. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye da ta ɓulla a Kaduna da Kano a shekarar 2006 sun san kwana da kaji ba abin wasa ba ne. Haka kuma idan tunkiya ko akuya na haihuwa, mai ciki kada ta sa hannu a ruwan haihuwar ko mabiyiyar, domin akwai cututtukan da ke ɓarar da cikin dabba waɗanda ke iya taɓa na mutum. Wannan aikin maigida ne ko wani babba a gidan.

Kyanwa ta ɗan bambanta. Abin da ke tayar da atishawa a jikinta yana cikin yawunta da fatarta, yana kuma daɗewa a kan tufafi da shimfiɗa ko bayan ta bar wurin. Kashinta na iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ke ratsawa zuwa ga ɗan tayi ta lahanta idonsa ko ƙwaƙwalwarsa, don haka wani ne zai riƙa kwashewa, kuma kullum, tun da ƙwayar sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje kafin ta iya kama mutum. Duk da haka ban goyi bayan a kore ta daga gida ba, ita ce ke tsaron rumbu. Ɓera ya fi ta sharri, shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa. Inda aka ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe, kada kuma a sa masa inji. A jiƙa shi da ruwan bilic, a bar shi na 'yan mintoci, sannan a kwashe da leda a hannu a wanke hannu da sabulu.

Akwai kuma abin da babu injin da zai taɓa shi, wato hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. A ɗakin mai jego abubuwa uku ke haɗuwa: kaskon garwashi, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci. Ruwan wankan jego a dafa shi can nesa da ƙofa, turare a yi shi lokacin da jariri ba ya ciki, sauro kuma a bar shi da gidan sauro mai magani.

To, wa ya kamata ya sayi injin? Gidan da ke da siminti da rufi mai silin, da kujerun kushin ko kafet ɗin da aka ƙi rabuwa da shi, da wutar sola ko janareta mai ƙarfi, kuma akwai mai asma a ciki. Idan haka gidanku yake, maigida, abin da za ka fara tambaya shi ne matatar. Inji iska yake zuƙa ta gaba ya fitar ta baya, kuma idan matatarsa soso ce kawai, zai riƙe tsakuwa da gashi ya feso maka lallausar ƙurar, wadda ita ce mai shiga huhu. Irin wannan gara tsumma da ruwa. Nemi wanda aka rubuta HEPA a jikin matatarsa. Ta gaskiya tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ta fi kowace wuyar kamawa. Sa a buɗe maka ka gan ta, farar takarda ce mai ninki-ninki, ka duba ko robar bakinta na rufewa ruf. Sannan ka tambayi mai shagon ko yana sayar da matatar ita kaɗai. Idan ya fara kame-kame, ka wuce gaba, domin ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta.

Na biyu wuta. Manyan injuna masu igiya da yawansu na jan wat 1,000 ko fiye, ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai ɗauka ba. Masu caji sun fi dacewa da mu, sai dai ƙanana sukan yi aikin minti 15 zuwa 30 ne, kuma batirin na hannu sau da yawa ya riga ya gaji. A kunna shi a shago a ga tsawon lokacin da zai yi kafin a biya. Nauyinsa kada ya wuce kilo 3, ya kasance da doguwar sanda don kada mai tsohon ciki ta yi ta sunkuyo, da ƙaramin baki na bin katifa da lungun kujera, tun da nan ne ya fi tsintsiya. Fitilu masu launi da yawan maɓallai kuɗi kawai suke ƙarawa. Zubar da ƙurar kuma a waje za a yi, a bayan gida, kuma ba mai asma ko mai ciki za ta yi ba.

Ko da inji ko babu, akwai alamun da ba a jira da su. Mai ciki da numfashi ya gagare ta har ba ta iya ƙarasa magana, ko ƙirjinta na fito kuma maganin shaƙa bai sauƙaƙa ba, ko ta ji motsin ɗa ya ragu, a kai ta asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu da ke numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa na lotsawa sosai, ko ya ƙi kama nono, shi ma a nemi abin hawa nan take, kada a tsaya shafa masa man zafi.